Ƙwallo Biyu a Idon Uwaisu

Litinin, 9 ga Yuli, 1984. Aikin farko: takardar Nguru, kafin Malam Isyaku gadin jirgi ya wuce tasha.

Sharaɗa, Kano

Zuwa ga Yaya Ladidi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da yara da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki da wannan damina? Mu nan lafiya, sai tarin nan nawa na ƙurar auduga, wanda kin san ba baƙo ba ne. Sauda matar ɗanki Uwaisu tana gaishe ki, jaririyar ta fara zama.

Na daɗe ina juya wannan magana, don ban tabbata ta kai a rubuta ba. Zan faɗe ta yadda ta faru, ke ki auna.

Ranar Asabar ƙungiyar masaƙarmu ta buga da 'yan majemar Challawa a filin Sabon Gari. An yi ruwa bayan azahar, fili ya jiƙe sharkaf. Ke ba ki taɓa ɗaga ƙwallon fata da ta sha ruwa ba. Ni na ɗaga, kamar an ɗura mata yashi take. Aikin Uwaisu kuwa, shi da yake lamba biyar, mai tsaron baya na tsakiya, shi ne duk ƙwallon da ta taso ta sama tana neman ragarmu ya tare ta da ka. Abin da yake yi ke nan tun shekarar da kika sa shi a jirgi da akwatin kwano, kika ce in riƙe miki shi. Ya fara daga benci yana ɗaukar wa manya takalma, yau shi ne kyaftin. 'Yan kallo ma sun daina kiran sunansa, Ganuwa suke ce masa.

Ana dab da tashi aka bugo kwana. Ya yi sama, wani dogo na Challawa ya yi sama, kawunansu suka haɗu. Ina can saman benci na ji ƙarar. Dogon sai ɗaukarsa aka yi aka fitar. Uwaisu ya ɗan kwanta, aka zuba masa ruwa a ƙeya, ya miƙe ya ƙarasa wasan. Mun ci ɗaya da nema. Samari suka ɗaga shi sama har bakin mota.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na ɗauki biro. A motar kamfani ya zauna kusa da ni yana kwance igiyar takalmi, ya ce, "Kawu, nawa da nawa aka tashi?" Na ɗauka tsokana ce, na faɗa masa. Ya ce madalla. Ba mu wuce Ƙofar Nasarawa ba ya sake tambaya, da murya iri ɗaya, kamar bai taɓa yi ba. Da muka sauka ya kuma. Abokan wasansa suka mai da abin raha, wannan ya ce an ci mu biyar, wancan ya ce ai ba a ma buga ba, shi ma yana taya su dariya. Ni ban iya ba.

Jiya na je Ɗorayi na duba shi. Ya ci abinci sosai, ya yi hira, ya ce kansa ne kawai ke ɗan sarawa. Ya tuna an yi ruwa. Wasan ne bai tuna ba, ko kaɗan.

Ga roƙona. Ki aiko kina nemansa, ya zo ya yi miki ko wata guda. Idan ni na ce ya huta dariya zai yi, amma ke bai taɓa tsallake maganarki ba. In ya kama, ki ce jikin ne ya motsa. Mai yiwuwa ina ƙara wa abin gishiri, kin san halina. Na fi so a yi mini dariya a kan na yi shiru.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Shu'aibu, ofishin katin ma'aikata


Nguru, 21 ga Yuli

Zuwa ga bawana Shu'aibu, sarkin matsorata,

Ina amsa gaisuwa. Muna lafiya, ƙafa tana nan tana mulkinta, in an yi hadari ita ke fara sani. Allah ya sawwaƙe maka tarin, ka riƙa shan zuma ka rage shan tunani.

Takardarka ta zo hannun Isyaku. Na karanta wa matan ajinmu na yaƙi da jahilci wurin da aka ɗaga ɗana sama, suka yi ta guɗa. Sauran ban karanta musu ba, kada su san irin taubashin da Allah ya haɗa ni da shi.

Mutum ya yi karo, ya tashi, ya ci wasa, ya je gida ya ci tuwo, kai kuma ka zauna a gefe kana lissafa tambayoyinsa. Ban yi mamaki ba. Kai ne fa da aka kawo ka hutu gidan Baba, akuya ta yi tari ka tashi Inna daga barcin rana. Uwaisu kan gidanmu gare shi. Yana ƙarami ya faɗo daga taragon gyaɗa a tasha, ya yini yana kirana da sunan maƙwabciya, washegari ya tafi kamun kifi. Wanda aka fitar a kafaɗa shi za ka rubuta wa uwarsa.

Maganar in ce ba ni da lafiya, wannan kam a'a. Ba na kiran ciwo da bakina, wanda nake da shi ya ishe ni. Kuma in janye shi ana tsakiyar neman kofi, mutanen tasha da ke cika rumfar mai shayi don su ji rediyo ya ce Ganuwa, da wane ido zan dube su?

Kada ka ɗauka son ƙwallon nake. Ka san tun farko ban so ba. Babansa, Allah ya jiƙansa, a reluwe ya yi ƙuruciyarsa ya yi tsufansa, ya bar aiki da takardar yabo. Ni burina in ga Uwaisu a aikin masaƙa irin naka, riga mai aljihu, biro a ciki, fanka tana kaɗa shi. Magidanci mai 'ya yana gudu da gajeren wando a gaban jama'a, har yaushe? Amma a bar shi ya gama da mutuncinsa, ba a fizge shi kamar ɓarawo ba.

Ga bandar kifi ƙunshi biyu. Babban na Sauda ne, kada ka musanya, na san ka. Ga man shanu a kwalba, a riƙa shafa masa a ka. Ka aiko mini da hotonsa na ƙungiya, wanda ke bango ya ci rana.

Uwargijiyarka,
Ladidi


Sharaɗa, Lahadi, 5 ga Agusta

Yaya Ladidi,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Kifi ya iso, kuma ban musanya ba. Sauda ta gode. Hoto sai an wanko.

Na karanta takardarki na yi dariya, na kuma ce wa kaina wataƙila gaskiyarki ce. Sai na yanke shawarar ba zan sake rubuta komai ba sai abin da na gani da idona. Ga shi.

Ya zo ofishina shan shayi, ya ɗauki buta ya tsiyaya a kan tebur, dab da kofin, yana kallo. Sai da ya zubo masa a cinya ya ankara.

Mun zo tsallake titin Sharaɗa, inda tireloli ke fitowa daga kamfanoni, na ga ya rufe idon hagu da tafin hannu kafin ya taka.

Ranar Laraba da yamma na dawo gida na tarar da shi a shagon ƙofar gidana, ɗakin da ya zauna yana saurayi. Ya cire takalmi yana zaune a kan buhunan gawayin da muke ajiyewa a ciki, yana tambayar wa ya fitar masa da katifa. Rabonsa da ɗakin nan tun kafin aurensa. Da na ce masa Sauda tana jiransa a Ɗorayi, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ai na sani, gaisuwa na biyo."

Wanda ban gani ba, Sauda ce ta faɗa mini: yana amai da safe, kuma ya daka wa jaririya tsawa don ta yi kuka. Kin san Uwaisu, ko alƙalin wasa bai taɓa ɗaga wa murya ba.

Shekaranjiya na same shi bayan tirenin, a filin da ke bayan ɗakin rini. Na ce, "Me ya sa kake rufe ido ɗaya?"

Ya ce, "Rana ce, Kawu."

Na ce, "Yau tun safe hadari ne."

Ya yi murmushi, ya duba ko akwai mai jin mu. Ya ce, "In ta taso sama, biyu nake gani. Amma na gano ta. Ta dama ce ta gaske. Ta hagun ko na sa mata kai ba ta da nauyi."

Na ce ya tashi mu je ɗakin maganin masaƙa wurin Sista Dorkas.

Ya ce, "Ku je ku gaishe ta, ku ce ina gaisuwa. Tana sa biro a takarda an cire ni daga ƙungiya. Ku ne kuke rubuta sunayen masu shiga aiki, kun fi ni sanin inda ake kai wanda aka cire. Ina aka kai Ado?"



Ya ƙara da cewa, "To ku bar ni a fili. A fili in na kuskure, ƙwallo ce kawai ta wuce."

Yaya, ƙa'idar ita ce, 'yan ƙwallo duka ma'aikatan masaƙa ne a takarda. Muddin mutum yana bugawa, aikinsa tirenin da wasa. Ranar da ya daina sai a mayar da shi ciki a ba shi gurbi. Ado tsohon golanmu ne, shi ma an mayar da shi ciki. Ba zan tsawaita a kansa ba, takardar ta riga ta yi nauyi.

Na je wurin Koci Dauda, mutumin Pankshin, wanda ya raini Uwaisu a ƙwallo kuma yana son sa kamar ɗansa. Ban faɗa masa maganar ido ba, na ce dai yaron yana bukatar hutu. Ya ce, "Malam Shu'aibu, auduga ba ta zuwa, an rufe sashe biyu, kai ka rubuta sunayen waɗanda aka sallama. Manaja ya ce in ba kofi bana, ba ƙungiya baɗi. In cire Ganuwa in sa wa? Kai za ka ɗaura takalmi?" Ya ce kowane lamba biyar kansa yana ciwo, shi ma nasa ya yi a zamaninsa. Yana faɗa yana kallon ƙasa.

Wannan takarda babu wasan taubasai a cikinta. Ki raba shi da filin nan. Ni na gwada na kasa.

Ƙaninki,
Shu'aibu


Sharaɗa, Lahadi, 19 ga Agusta

Yaya Ladidi,

Ina gaisuwa, ina fata lafiya ce ta sa shiru. Isyaku ya tabbatar mini ya ba ki takardata hannu da hannu, amma tun daga nan ruwa ya taɓa layin dogo, jirgi bai ƙara zuwa ba. Wannan ta gidan waya zan sa ta, ban san yaushe za ta same ki ba. In kuma fushi kika yi don na ce ba wasa, ki yi haƙuri.

Jiya aka buga wasan kusa da na ƙarshe da 'yan kamfanin alewa na Bompai, cikin yayyafi. Sun san ba su iya wuce shi ta ƙasa, sai suka yi ta ɗago masa ita ta sama. Duk wadda ya sa wa kai sai na ji abin a haƙorina. Sau ɗaya ya yi tsalle ya kai wa iska karo, ƙwallon tana can gefe. Jama'a suka yi tafi, sun ɗauka yaudara ce. Mun ci. Saura wasan ƙarshe bayan Sallah. Da aka tashi na same shi a bayan mota ya dafa taya yana amai, Koci Dauda ya tsaya ya kare shi da jikinsa kada 'yan kallo su gani.

Yau na ɗauko kwafin takardar da na aiko miki na sake karantawa, sai na ga giɓi a cikinta. Na tsallake abin da ya fi komai muhimmanci, don gudun tayar miki da hankali. Kuskurena ne, bari in gyara.

Ciki ba ofis ba ne. Ɗan ƙwallo ba shi da sana'ar saƙa ko ta rini, saboda haka ɗakin shiɓa ake kai shi, don can ne kullum ake da gurbi. Injin shiɓa manyan ganguna ne masu juyawa, jikinsu duk haƙoran waya, su ke tsefe auduga. In auduga ta cushe, ma'aikaci ne ke sa hannu ya janye ta dab da haƙoran, injin yana gudu, don heluma, shugaban ma'aikatan ɗakin, ba ya son a kashe. Tsakanin hannu da haƙoran bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ado da gwiwa ta hana shi tsaron raga can aka kai shi. Idonsa biyu garau, hannunsa kuwa duk Kano an san saurinsa. Bai rufe shekara ba injin ya ci hannun damansa har wuyan hannu. Yanzu rake yake sayarwa a bakin get, yaro ne ke yanka masa.

Ki duba mutumin da ke tsiyaya shayi a gefen kofi, ki kai shi gaban wannan inji.

Don haka in za ki yi masa magana, kada ki ce ya bar ƙwallo kawai, kada kuma ki ce ya koma ciki. Ki ce ya zo Nguru, ya zo wurinki, da Sauda da yarinyar. In yana can ni zan nemi a rubuta masa hutun rashin lafiya, mu samu lokacin kai shi babban asibiti. Ban tabbata za a yarda ba. Ita ce dai hanyar da na iya hangowa.

Ƙaninki,
Shu'aibu


Nguru, Juma'a, 17 ga Agusta

Shu'aibu,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Ka yi haƙuri da jinkiri, jirgi ya tsaya, sai yau na samu direban babbar mota mai zuwa Kano da kifi.

Na bar wasa. Takardarka da Isyaku ya kawo na karanta ta ni kaɗai a ɗaki. Da na zo wurin da ka same shi a kan buhun gawayi yana neman katifarsa, ajiye ta na yi na fita tsakar gida. Ka yafe mini dariyar da na yi maka. Kai kake ganinsa, ni rediyo nake ji.

Na yi abin da ka ce. Ga takarda ta biyu a hannun direban nan, ta Uwaisu ce, zai kai masa Ɗorayi. Na ce masa in dai ni na haife shi, kada ya sake sa ƙafa a fili, ko wasan ƙarshe ne ko na farko. Na ce ranar da takardar ta same shi ya je wurin manaja da bakinsa ya ce a mayar da shi ciki, tunda ka ce haka ƙa'idar take. Ashe abin da nake roƙon Allah shekara da shekaru yana nan a ajiye, ba wanda ya faɗa mini. Ban ce ya zo Nguru ba. Ya zo ya yi me, ya zauna a tasha ana nuna shi da baki? Gara ya zauna a inuwa kusa da kawunsa, kan ya huce a hankali.

Tunda kai ke rubuta sunaye, ka sa shi inda idonka zai riƙa kai wa gare shi. Shi wannan Ado da yake tsoron a mayar da shi irinsa, ai ka ga shi ya samu aiki ya huta da faɗuwa a ƙasa. Ƙuruciya ce ke sa su ganin zaman ofis kamar kurkuku. Zai saba.

Yau na ji nauyi ya sauka daga ƙirjina. Allah ya saka maka, ya raya naka.

Yayarka,
Ladidi


Sharaɗa, Talata, 28 ga Agusta

Yaya Ladidi,

Gaisuwa. Ina fata kina lafiya. Takardunmu sun yi saɓani a hanya. Wataƙila yanzu tawa ta gidan waya ta same ki, kin san abin da ciki yake nufi. Kada ki ɗora wa kanki. Abin da na rubuta kika karanta, ni ne na rage.

Direban ya iso ranar Alhamis. Uwaisu ya karanta takardarki, ya naɗe rigarsa mai lamba biyar ya kai wa Koci Dauda. Koci ya bi shi har bakin ofishin manaja yana cewa ya bari a buga na ƙarshe. Amsarsa ɗaya ce, "Inna ta yi magana." Kafin a tashi aiki takarda ta sauko tebur ɗina: Uwaisu, ɗakin shiɓa, aikin safe, daga Litinin.

Na hau sama wurin jami'in ma'aikata na roƙi a ba shi ko masinja, ko gadin sito. Ya ce, "Malam Shu'aibu, akawu nawa ka ga mun sallama watan jiya? Kai ma ka riƙe kujerarka da kyau." Na sauko na buga sunan a jerin masu aikin safe, don aikina ne. Na zauna ina kallonsa har aka busa jiniya.

Ranar Juma'a bayan masallaci na je wurin Sista Dorkas na faɗa mata komai, shayin, da titin, da ƙwallo biyu. Asabar da safe ta aika a kira shi, wai gwajin masu shiga sabon sashe. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ta ɗaga biro a gabansa ta ce, "Ganuwa, idonka biyu a buɗe, kama wannan." Ya kai hannu da sauri, irin saurinsa, ya damƙe iska a gefen biron. Ya sake, ya sake damƙe iska. Ta ajiye biron a hankali, ta rubuta cewa kada a kusantar da shi inji kowane iri, ta ba shi takardar babban asibiti. Da yake ba wani gurbi, kafin azahar kamfani ya sallame shi.

Ya zo tagar ofishina da takardar a hannu. Ya ce, "Ku ne?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "A fili kun ce kada. Inna ta ce in shiga ciki, kun tare ƙofa, kun sa na saɓa wa uwata. Ina kuke so in tsaya, Kawu? Me zan kai wa Sauda?" Bai ɗaga murya ba. Ya ce kada in ƙara taka gidansa. Na ce na ji. Na ɗauka wannan ne mafi munin abin da zai same ni, kuma na shirya ɗaukarsa. Hannunsa biyu suna jikinsa, ya yi ta fushin.

Jiya Litinin da safe ina jera katuna, sai na ji sallama a taga. Shi ne, cikin sabuwar rigar aiki shuɗiya, an goge ta. Fuskarsa a sake. Ya ce, "Kawu, ina kwana? Kun ga na zo da wuri. Katina ne ban gani a akwati ba."

Na fito da shi gefe na faɗa masa daga farko, Sista, da biro, da sallama. Na ga abin yana shigarsa kamar yau ya fara ji. Ya ce, "Ku ne?" Na ce ni ne. Ya ce kada in ƙara taka gidansa.

Sauda ta ce tun asuba ya sa ta goge rigar, yana cewa yau zai cika umarnin Inna. Ta ji tsoron ta tuna masa. Takardarki tana aljihunsa, ita yake tunawa. Asabar ɗin ce babu ita a kansa.

Yau ma ya zo. Wannan karon bai biyo ta tagata ba. Tijjani maigadi ya buɗe masa, don duk masaƙar nan ba mai tambayar Ganuwa kati. Sai da ya kai ƙofar ɗakin shiɓa yana naɗe hannun riga, injuna suna gudu, sannan heluma ya gane shi ya riƙe shi aka kira ni. Da heluman yana bayan gida, ko ya juya baya, ban san me zan rubuta miki yau ba.

Ki zo, kada ki jira Sallah, kada ki jira jirgi. Takarda ba za ta yi ba, don wadda ke aljihunsa ta riga ta zauna. Sai ya ga fuskarki, ki karɓe ta da hannunki, ki faɗa masa da bakinki cewa kin janye. Ko hakan zai zauna masa, ban sani ba. Har yanzu ina tambayar kaina ko da na bar shi a fili ya fi. Ba na jin haka, amma ina tambaya.

Ƙaninki,
Shu'aibu

Ayyukan gobe, Laraba:

Kai wannan takarda tashar mota, a ba direban kifi hannu da hannu.
Tijjani maigadi, da na get ɗin baya: kada a buɗe masa, ko me ya ce.
Babban asibiti, yankar kati. An ce likitan kai ba kullum yake zama ba, a tambayo ranarsa.
Karɓo rigar aikin daga wurin Sauda, ta hannun maƙwabta, tunda an hana ni gidan.
Isa get kafin shi.
Neman wata hanyar faɗa masa. Ta jiya da ta yau duk ba su yi ba.